Ciwon Da Ke Hutun Asabar Da Lahadi



Kafin in shiga magana, bari in gaya muku inda nake zaune. Ɗaki ne da ba shi da taga ko ɗaya. An manne bangonsa da soso don kada ƙarar waje ta shigo, an shimfiɗa kafet har bakin ƙofa, ƙofar kuma mai nauyi ce, idan aka rufe ta ko sauro ba ya samun hanya. Ga iyakwandishan a saman kaina yana ta hura sanyi. Duk wanda ya taɓa aikin rediyo ya san irin wannan ɗaki, ya kuma san idan mutum uku suka yi awa biyu a ciki suna hira, za su fito kai ya yi nauyi, ido ya yi ja, kamar waɗanda suka kwana a mota. Mukan ce gajiyar magana ce. To yau ɗakin zan tuhuma, shi da 'yan'uwansa da ke cike da ma'aikatu da bankuna da kamfanoni.

Ga yadda abin yake zuwar wa ma'aikacin ofis. Ya tashi ranar Litinin lafiya lau, ya karya, ya sauke yara a makaranta, ya sa hannu a rajista ƙarfe takwas. Kafin azahar kai ya fara sara. Ido na ƙaiƙayi, hanci ya toshe kamar mura na tafe, maƙogwaro ya bushe, ga wata kasala da ba ta da tushe. Layi ɗaya zai karanta sau uku bai fahimta ba. Ƙarfe huɗu a tashi, ya hau a-daidaita-sahu, kafin ya isa unguwarsu rabin ciwon ya tafi. Ranar Asabar garau yake, yana can wurin ɗaurin aure ana dariya da shi. Lahadi ma haka. Litinin na yi, abu ya dawo sabo. Wane irin ciwo ne wannan da ya san ranakun aiki, har yake tafiya hutun shekara tare da mai shi?

Masana lafiya sun daɗe da raɗa masa suna, suna ce masa ciwon gini marar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da sunan a wani rahoto na 1983, sannan a 1984 wani kwamitinta ya ƙiyasta cewa za a iya samun irin wannan koke a kusan kashi 30 cikin 100 na sababbin gine-gine da waɗanda aka yi wa kwaskwarima. Abin da ya bambanta shi da sauran cututtuka shi ne ba a ɗibar jini a ce ga shi. Ana gane shi ne da hali. Mutane da yawa a gini ɗaya suna kuka da abu iri ɗaya, idan sun fita su ji sauƙi, idan sun dawo su koma gidan jiya.

Na ga wannan da idona shekarun baya, a wani ofis da na yi aiki. Tsohon gini ne mai tagogin luba, irin waɗanda ake ɗaga hannunsu gilasan su buɗe, da fanka a sama tana ƙara kamar za ta faɗo. Sai aka ba da kwangilar gyara. Aka cire lubobin nan aka sa gilashi mai duhu wanda ba ya buɗuwa, aka yi sabon fenti, aka manna kafet da gam, aka kawo tebura masu sheƙi, aka kafa esi biyu. Muka yi ta murna, har 'yan wasu sassa na zuwa kallo. Ba a yi wata biyu ba Hajiyar da ke buga mana takardu ta fara ciwon kai. Sau uku tana zuwa kemis ana haɗa mata maganin maleriya da taifot, don kun san a wurinmu duk ciwon da aka rasa sunansa ɗayan biyun nan ne. Daga ita sai akawu, sai wani yaro mai bautar ƙasa da ya riƙa atishawa kamar ana biyan sa.

Wata rana Baba masinja ya ja ni gefe, ya rage murya ya ce, "Malam, ni fa ina ganin ofishin nan akwai iska."

Na ce, "Baba, ai da akwai iska da mun huta. Rashinta ne ke neman kashe mu."

Bai yi dariya ba. Washegari ya zo da garwashi a kasko, ya turara kowace kusurwa, ƙofa a rufe don kada hayaƙin ya tsere. Ran nan kam Hajiya da kyar ta kai sallar azahar.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin yana da tarihi. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana wasu ƙasashen Yamma man fetur saboda yaƙin da ake yi da Isra'ila. Cikin 'yan watanni gangar mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Mu a Najeriya abin ya zame mana gobarar Titi, daga nan aka shiga zamanin kuɗin Udoji da dogayen benaye. Su kuwa Amurka da Turai hankalinsu ya tashi, domin ɗumama gini a lokacin sanyi da sanyaya shi a lokacin zafi makamashi yake ci. Duk iskar da ka shigo da ita daga waje sai ka biya kuɗin ɗumama ta ko sanyaya ta. Sai suka ce a rage shigo da ita. A Amurka, ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a ba kowane mutum wajen lita 7 na sabuwar iska a kowane sakan. Aka zaftare ta zuwa kamar lita 2 da rabi, wato kashi ɗaya cikin uku ke nan. Aka toshe kafofi, aka liƙe tagogi, aka riƙa juya iskar ciki tana zagayawa. Kuɗin wuta ya sauka, gaskiya ne. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago, don kafin shekara goma koke ya cika ofisoshi. Sai a 1989 ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idar ta mayar da adadin sama, ta ce ofis yana buƙatar kamar lita 10 ga kowane mutum.

Su sun yi kuskure sun gyara. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu kuskuren muka kwaso, muka bar gyaran a can. Ku dubi esin da ke yawancin ofisoshinmu, mai gida biyu, ɗaya a bango a ciki, ɗaya a waje yana huci. Mutane da yawa, har da masu digiri, sun ɗauka na wajen ne ke zuƙo iska yana turo wa na ciki. Ko kusa. Abin da ya haɗa su siraran bututun gas ne da waya da tiyon zubar da ruwa. Na cikin iskar ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya dawo maka da ita. Numfashinka da na abokin aikinka, da tururin shayi, da warin takalmin da aka cire a ƙarƙashin tebur, su ne dai suke dawowa, sai dai sun yi sanyi. Sanyin ne ke yaudarar mu, don jiki yana ɗaukar iska mai sanyi a matsayin mai tsabta. Sannan a liƙa takarda a ƙofa: a rufe, esi na aiki.

Bari in ba ku lissafi kaɗan, ba mai wuya ba ne. Iskar kabon da muke fitarwa idan mun yi numfashi, a sarari wajen kashi 420 ce cikin miliyan. Tun 1858 wani masanin tsabta na birnin Munik a Jamus, Max von Pettenkofer, ya ce idan ta haura 1,000 a cikin ɗaki to iskar ɗakin ta tsufa. Har yau ana amfani da ma'auninsa. Ɗakin taro a rufe, mutum goma sha a ciki, ba wuya ya kai 2,000. Idan ya kai nan, ma'anarsa a cikin kowane numfashi 25 da ka ja, kwatankwacin guda ya riga ya shiga huhun wani ya fito. Iskar kabon a wannan mataki ba kisa take yi ba, shaida ce kawai cewa duk wani abin da ke tashi a ɗakin yana nan yana taruwa, ba ya fita. Shi ya sa taron da aka fara ƙarfe goma da kuzari, kafin sha biyu rabin mahalarta na gyangyaɗi, a ce wai mai jawabi ne ba ya da daɗin baki. Wani lokaci shi ɗin ne, ban musa ba.

To mene ne yake taruwa? A da an ɗauka mutane ne kaɗai ke ɓata iskar ɗaki. Wani farfesa ɗan ƙasar Danmak, Ole Fanger, ya yi wata dabara a 1988. Ya ƙirƙiro ma'aunin wari, ya ce warin da baligi ɗaya ke fitarwa yana zaune shi ne awo ɗaya. Ya sa mutane suka riƙa shiga ofisoshin birnin Kofanhegan suna shinshinawa, da ma'aikata a ciki da kuma bayan sun tashi. Sai ga shi mutanen ƙaramin kaso ne na ɓacin iskar. Mafi yawa daga kayan ginin yake, da hayaƙin taba, da kuma na'urorin shigo da iskar su kansu, waɗanda matatunsu suka cika da datti.

Wannan ƙamshin sabon ofis da muke so, wanda baƙo zai shigo ya ce kai, wurin nan ya yi kyau, sinadarai ne ke tashi. Fenti yana fitar da su, gam ɗin kafet yana fitar da su. Teburan zamani da ake yi da garin katako an matse shi da gam suna fitar da fomalin, ɗan'uwan ruwan da ake adana gawa da shi a asibiti, kuma sukan yi watanni suna fitarwa, zafi na ƙara musu ƙarfi. Shi ne ke sa ido yaji da ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma tun 2004 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar daji. Injin fotokwafi da firinta suna fitar da nasu, ga shi a ofisoshinmu kusa da mai buga takardu ake ajiye su don ya fi sauƙin miƙa hannu. Sai mu kuma mu ƙara da namu. A fesa turaren gwangwani don a kashe wari, a kunna na wuta, ranar Juma'a da yamma a yi feshin maganin sauro ko a yayyafa fiya-fiya saboda kyankyasai, a kulle har Litinin, wanda ya fara buɗe ƙofa shi zai sha na farko.

Kada wani ya ce wannan sakacin talakawan ƙasashe ne. A 1987 zuwa 1988 aka shimfiɗa sabon kafet a hedikwatar Hukumar Kare Muhalli ta Amurka da ke birnin Washinton, wato hukumar da aikinta ke nan ta gaya wa duniya abin da ke da guba. Ma'aikatanta da dama suka kama ciwon kai da ƙunar ido da sarƙewar numfashi, har wasu suka kasa shiga ginin. Aka yi ta jan magana da shugabanni, aka yi zanga-zanga, daga baya dai aka ɗaye kafet ɗin. Wanzami ba ya son jarfa.

Ƙura kuwa ba sai an yi mana bayaninta ba, mu da muke da hunturu. Amma akwai wani bincike da aka buga a 1987 kan gine-ginen ƙananan hukumomi 14 a yankin Kofanhegan da ya yi daidai da mu. Sun gano cewa inda aka fi yawan kafet da labule da kujerun yadi, da kantocin takardu a buɗe, nan aka fi kokawa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikata ya ja fayil ɗin da ya shekara goma ba a taɓa ba, ya san zancen. Kafet rumbun ƙura ne. Mai shara ya zo da tsintsiya ya tayar da ita sama, ta jira ma'aikata su zauna ta sauko musu. Da damina kuma ga yoyo. Ɗaga kai ka dubi silin ɗin ofishinku, idan ka ga taswira ruwan ƙasa-ƙasa da baƙin ɗigo a gefe, fumfuna ce, kuma tana sakin ƙwayoyinta a iskar da kake shaƙa. Haka tiren da ke cikin esi, inda ruwa ke taruwa. Yaushe rabon da a buɗe naku a wanke ragar? Yawanci sai ya daina sanyi ake kiran mai gyara, shi ma gas zai ƙara ya tafi.

Abu biyu nake so in ware, don ba su cikin wannan ciwo mai tafiya hutu. Na farko janareto. Idan an ajiye shi a ƙarƙashin bene ko jikin taga, hayaƙinsa na ɗauke da guba marar launi marar wari, tana farawa da ciwon kai da jiri, tana ƙarewa da makara. Mun sha jin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. Na biyu ƙwayar cuta ta gaske. A watan Yuli na 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal a Filadelfiya, mutum 221 suka kamu da ciwon huhu, 34 suka mutu, daga baya aka gano wata ƙwaya ce mai rayuwa a ruwan manyan na'urorin sanyaya gini. Don haka idan akwai zazzaɓi mai zafi, ko tari da ya ƙi tafiya, ko ciwon bai san Asabar ba, kada a tsaya zargin gini, a tafi asibiti.

Yanzu ga inda maganar ta fi ci mini rai. A 1987 wani likitan huhu, Sherwood Burge, da abokan aikinsa suka tambayi ma'aikata 4,373 a gine-gine 42 a Birtaniya. Sun samu cewa gine-ginen da ake buɗe taga sun fi masu iyakwandishan lafiya, wannan ba mamaki. Abin lura shi ne akawuna da masu buga takardu sun fi manyan jami'ai shan wahala, mata kuma sun fi maza. Gini ɗaya, rufi ɗaya, amma ciwon ya san mataki na albashi. Sannan a 2006 aka fitar da wani binciken kan ma'aikatan gwamnati sama da 4,000 a gine-gine 44 a Landan, aka ga cewa yawan matsin aiki da rashin goyon bayan na sama sun fi yanayin ginin kansa alaƙa da waɗannan alamomi.

Na san yadda wasu shugabanni za su karanta wannan. Za su ce kun ji ko, ashe raki ne da ƙiwuya, ba ruwan gini. Ni ba haka na karanta shi ba. Ku zagaya kowace ma'aikata ku gani. Oga yana da ɗakinsa shi kaɗai, a kusurwa, da taga biyu. Rimot na kan teburinsa. Idan ya gaji ya fita duba aiki, ko ya ce yana da taro a wani wuri. Su kuwa na ƙasa mutum takwas ne a ɗakin da aka gina don uku, a tsakiyar gini inda rana ba ta leƙowa, injin fotokwafi a bayansu, fayil har rufi, kuma ba mai tashi daga kujera sai da izini. Wanda ya fi kowa girma a ɗakin ya sa esi a kan 16 saboda yana cikin babbar riga, yarinyar da ke ƙarƙashin na'urar tana rawar ɗari cikin mayafi, ba ta da bakin magana. A nan yaya za ka raba matsin aiki da matsin iska? Mutumin da ba shi da ikon buɗe taga, shi ne dai ba shi da ikon cewa aikin ya yi masa yawa. Idan ya yi ƙorafi a ce masa ga dubu suna neman kujerarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a ofis ba a tambayar mai ɗakin, ɗan kwangila da darakta ne ke yanke yadda tagar za ta kasance, su kuwa ba a nan za su wuni ba.

Kuma mu da muka gaji soro mai kaurin bango da tsakar gida da inuwar zaure, waɗanda kakanninmu suka san yadda ake zama da rana, mu ne muke gina akwatin gilashi a garin da zafi ke haura 40 a watan Afrilu, sannan mu jingina numfashinmu a kan wutar da ba ta da alkawari. Idan aka ɗauke ta, janareto ba mai, gini ya koma tanda, ba kuma tagar da za a buɗe.

Haka ta faru da mu a wancan ofis. Taransifoma ta ƙone, janareto ya bi bayanta, muka yi kusan mako biyu ba wuta. Dole aka bar ƙofofi a buɗe, aka fito da tebura biyu baranda, Hajiya ta koma rubutu da biro tana fifita da bangon fayil. Mun sha zafi, ba ƙarya. Amma atishawar yaron nan ta tsaya, Hajiya kuma ta daina tambayar wa ke da Panadol. Ita ce ta fara lura. Ta ce da ni, "Malam, ka san tun da wutar nan ta lalace kaina bai sara ba?"

Muka rubuta takarda muna roƙon a mayar mana da taga ko guda biyu masu buɗuwa, a fitar da injin fotokwafi zuwa baranda, a riƙa wanke ragar esi duk wata. Takardar ta hau sama, ta yi wata uku, ta sauko da jan biro a gefe, wai cire gilashin zai ɓata fuskar ginin. Injin dai an yarda mun fitar.

Akwai wata ƙaramar taga can sama a bayan kantar fayil, wadda ɗan kwangila ya manta bai cire ba, fenti kawai ya bi ta kanta ya liƙe ta. Wata safiya na shigo na tarar da Baba masinja a kan kujera, da wuƙar yankan farce a hannu, yana bin gefenta yana kankare fentin a hankali. Na ce, "Baba, me ake yi?"

Bai waiwayo ba ya ce, "Hanya nake buɗe mata, Malam. In ta ciki ce ta fita, in ta waje ce ta shigo."